Ina son nazarin al'adu da zamantakewar Japanawa: wa zai ɗauki nauyina?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ƙaramin malami ne a sashen tarihi na wata jami'a a Arewa. Shekarata 31, na gama digiri na biyu bara, ina da mata da ɗa guda. Na daɗe ina sha'awar yadda Japanawa suka tsara rayuwarsu, kuma ina son in yi digiri na uku a kan al'adunsu da zamantakewarsu. Duk wanda na tuntuɓa sai ya ce mini tallafin karatu na Japan na injiniyoyi ne da likitoci, mu 'yan fannin tarihi ba mu da rabo a ciki. Gaskiya ne? In kuwa akwai, ta ina zan fara, alhali ko kalma ɗaya ta Japananci ban iya ba?"

Wa alaikumus salam Malam. Tambayarka ta faranta mini rai, domin ba kullum ake samun ɗanmu da ke son ya je Japan don ya karanci mutanen ƙasar su kansu ba. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko akwai kuɗin, wace ƙofa ce ta dace da matakin da kake a yanzu, da kuma ko rashin harshe zai hana ka shiga. Kuɗin akwai su, kuma wani kaso nasu ma an ware shi ne musamman domin irinka, injiniya ba shi da ikon taɓawa. Sai dai ba a ba da su don sha'awa kawai. Ana ba wa wanda ya zo da tambaya takamaimai game da Japan, kuma ya samu wani malami a can da ya ce ya yarda ya karɓe shi.

Waɗanda suka ce maka na injiniyoyi ne ba ƙarya suka shirga ba, abin da idonsu ya gani suka faɗa. Akasarin 'yan ƙasarmu da suka yi karatu a Japan kimiyya suka karanta, ko noma, ko injiniyanci. Shirin da ya fi yin suna a Afirka a 'yan shekarun nan kuwa shi ne ABE, wanda aka sanar a TICAD, taron Japan kan ci gaban Afirka, karo na biyar a Yokohama a 2013, JICA, hukumar Japan ta tallafa wa ƙasashe masu tasowa, ke tafiyar da shi, kuma manufarsa digiri na biyu ne tare da sanin makamar aiki a kamfanonin Japan. Wannan ba naka ba ne. Amma tun 1972 gwamnatin Japan ta kafa gidauniyar Japan Foundation, kuma ɗaya daga cikin manyan ayyukanta uku shi ne tallafa wa baƙi masu nazarin Japan. Jami'ar Alƙahira ta buɗe sashen harshe da adabin Japan tun 1974, shi ya sa Misirawa suka yi mana nisa. Mu abin da ya same mu shi ne ba mu da dattawa a wannan fanni da za su kama hannun na baya, sai kowa ya ɗauka ƙofar a rufe take.

Kafin komai, ka bambance iri uku na tallafi, domin na ga mutane da yawa sun ɓata shekara suna cika fom ɗin da ba nasu ba. Akwai wanda za a kai ka ka zama ɗalibi ka fito da digiri. Akwai wanda za ka je da aikinka a hannu, ka zauna wata huɗu ko shekara kana bincike a ɗakunan karatu ko cikin jama'a, ka dawo gida ba tare da wani digiri daga can ba. Akwai kuma wanda ake bai wa jami'a ko cibiya don shirya taro ko sayen littattafai. Kai da ka gama digiri na biyu kuma ba ka fara na uku ba, na farkon ne naka a yau. Na biyun zai jira ka a gaba.

Ƙofar da ta dace da kai yanzu

Tallafin ma'aikatar ilimi ta Japan, wanda aka fi sani da MEXT, shi ne babbar hanya. An fara shi tun 1954, kuma ni ma da shi na je. Rukunin da ya shafe ka shi ne na ɗaliban bincike. Suna yafe maka kuɗin makaranta, su ba ka tikitin zuwa da na dawowa, sannan alawus na wata-wata: yen 143,000 kafin ka shiga digiri sosai, 144,000 ga mai digiri na biyu, 145,000 ga mai na uku, da ɗan ƙari na dubu biyu ko uku a wasu yankuna. Sharaɗin shekaru shi ne kada ka kai 35. Kai kana 31, ke nan kana da damar gwadawa sau biyu ko uku, amma ba ka da damar yin sanya.

Hanya biyu ce. Ko dai ka bi ta ofishin jakadancin Japan, ko kuma wata jami'a a Japan ta gabatar da sunanka. Ga ɗan Najeriya ofishin yana Abuja, ga na Ghana yana Akara, ga na Kamaru yana Yawunde, 'yan'uwanmu na Nijar kuwa ofishin Abijan ne ke kula da su. Sanarwa takan fito wajen watan Afrilu. Ka miƙa takardu, in an zaɓe ka a kira ka jarrabawar Ingilishi da ta Japananci, sannan ganawa ido da ido. Wanda ya tsallake wannan mataki shi ne zai nemi jami'o'i su ba shi takardar amincewa ta wucin gadi, a tura komai Tokyo, hukuncin ƙarshe ya fito a farkon shekara mai zuwa, a tafi a Afrilu ko wajen Oktoba. Daga ranar da ka miƙa fom zuwa ranar da za ka hau jirgi shekara guda ce cur, wani lokaci da rabi. Hanyar jami'a kuma tana buƙatar sakamako mai kyau, aƙalla 2.30 cikin 3.00 a ma'auninsu, kuma sai ka riga ka samu malamin da zai tsaya maka.

Jarrabawar Japananci kada ta tsorata ka. Da yawa daga cikin masu zama ɗakin ba su iya ba, kuma ga wanda zai yi bincikensa da Ingilishi takardar Ingilishin ce mai nauyi. Amma kada ka miƙa ta fara tas. Haruffan farko na rubutun Japananci, wato hiragana da katakana, 46 ne kowannensu, mai himma zai haddace su cikin wata guda, kuma amsa ko da tambayoyin farko ne kawai tana nuna cewa da gaske kake.

Akwai layi biyu a cikin ƙa'idojin da suka shafi 'yan fanninmu kai tsaye, kuma mutane sukan tsallake su. Na farko, in bincikenka a kan adabin Japan ne, ko tarihinta, ko dokokinta, ko nahawun harshen, wato fannonin da ba sa yiwuwa sai da Japananci mai zurfi, ba za a ɗauke ka ba in ba ka da harshen, sai da wani dalili na musamman. Na biyu, ba sa ɗaukar wanda zai je koyon wasannin gargajiya a aikace, irin su kabuki ko rawar gargajiya. Wannan layi na farko shi ne ainihin abin da za ka yi wa dabara, kuma dabarar tana cikin yadda ka zaɓi batunka.

Tsarin bincike: nan ne ake cin jarrabawar ko a faɗi

Takardar tsarin bincike ba ta wuce shafi biyu ba, amma ita ce kai a gaban kwamitin. A shekarun da na yi ina duba wa ɗalibai irin wannan takarda, kusan duk wanda ya zo mini da ta farko kanunta ɗaya ne: sirrin ci gaban Japan da darussan da Najeriya za ta koya. Sai ya cika shafi da yabon ladabin Japanawa, da tsaftarsu, da yadda suka tashi bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki. Duk gaskiya ne, amma babu tambaya a ciki, kuma babu malamin jami'a a Japan da zai san inda zai zaunar da kai.

Ni ma haka na fara. Ina tuna ranar da na fara gabatar da tsarina a zaman mako-mako da malami ke yi da ɗalibansa, wanda suke kira zemi. Ɗaki ne ƙarami, littattafai har rufi, mu takwas kewaye da tebur, an ajiye butar shayi a gefe. Na yi minti ashirin ina bayani a kan riƙon al'ada a cikin zamani. Malamina ya saurara har na gama, bai katse ni ba, sannan ya cire tabarau ya tambaye ni: a wane gari, a waɗanne shekaru, kuma da wa za ka yi magana? Ban da amsar ko ɗaya. Wata shida na yi kafin na amsa waɗannan tambayoyi uku, kuma su ne nake yi wa kowane ɗalibi da ya zo mini yau.

To, ga abin da nake son ka riƙe. Ba za ka yi gasa da ɗan China ko ɗan Koriya da ya fara karanta kanji, wato haruffan China da Japanawa ke rubutu da su, tun yana yaro a kan tsohon adabin Japan na zamanin Heian ba. Amma kana da abin da ba su da shi: Hausa, wataƙila da Larabci, da sanin ƙasarka ciki da bai. Ka nemi wurin da Japan ta haɗu da abin da ka sani. Bari in ba ka misali da fanninka. A shekarun 1960 kamfanonin saƙa na Japan sun haɗa jari suka kafa masaƙar Arewa Textiles a Kaduna. Har yau akwai tsofaffin ma'aikata da suka yi aiki ƙarƙashin injiniyoyin Japan, za ka iya zama da su ka yi hira da Hausa, abin da Bajapane mai bincike ba zai iya cikin sauƙi ba. A can kuma kamfanonin Japan suna da al'adar wallafa tarihin kansu a manyan littattafai da suke kira shashi, ga takardun ma'aikatar harkokin waje, ga Ɗakin Karatu na Majalisar Dokoki a Tokyo. Tambaya irin ta yadda tsarin aiki da ladabtar da ma'aikata na Japanawa ya kasance da aka kawo shi Kaduna tambaya ce a kan zamantakewar Japan, rabin hujjojinta kuma suna hannunka tun kafin ka tashi.

Wani misalin shi ne makarantun terakoya na zamanin Edo, wato 1603 zuwa 1868, inda malami ɗaya ke koya wa yaran unguwa karatu da rubutu da lissafi, sau da yawa a gidansa ko a wurin ibada. Da gwamnatin Meiji ta kafa dokar ilimin zamani a 1872, da yawa daga cikinsu sun rikiɗe sun zama firamare. Duk wanda ya yi makarantar allo zai ji abin ya taɓa shi, domin tambayar da muka kasa warwarewa ke nan a kan tsangaya da boko. Batu ne mai daɗi ƙwarai, amma in gaya maka gaskiya yana da tsada wajen harshe, saboda takardun wancan zamani da rubutun hannu na gudu ake yin su, wanda suke kira kuzushiji, kuma Japanawan yau ma kaɗan ne ke iya karanta shi. In za ka ɗauke shi, ka tsaya a kan shekarun Meiji inda akwai takardu bugaggu.

Akwai kuma rayuwar Musulmi a Japan. Masallacin Kobe yana nan tun 1935, na Tokyo an sake gina shi a 2000, kuma a ƙasar da ake ƙona fiye da kashi 99 cikin ɗari na mamata, neman filin maƙabarta ya zama abin muhawara tsakanin Musulmi da mazauna wasu ƙauyuka. Musulmi mai bincike zai shiga wuraren da wani ba zai shiga ba. Ko rinin shuni: abin da ake yi a marinar Ƙofar Mata a Kano yana da ɗan'uwa a lardin Tokushima, kuma yadda Japan ta raya sana'ar hannu da ta kusa mutuwa batu ne na nazarin al'ada sosai. Ban kawo waɗannan don ka kwafa ba, na kawo su ne don ka ga girman da tambaya ya kamata ta yi: wuri ɗaya, zamani ɗaya, mutanen da za a iya samu.

Abu ɗaya da za ka kiyaye: Japan ce za ta zama tsakiyar aikin, ba ado ba. In ka rubuta shafi biyu a kan Kano ka liƙa Japan a layin ƙarshe, za su gane.

Neman malami

A jami'o'in Japan ɗalibin digiri na uku na malaminsa ne kafin ya zama na jami'a. Saboda haka kada ka fara da tambayar wace jami'a ce ta fi suna, ka fara da wane ne ke aiki a kan abin da kake so. Akwai rumbuna na intanet da ake shiga kyauta: researchmap yana nuna malamai da ayyukansu, KAKEN yana nuna binciken da gwamnati ta ba su kuɗi a kai, CiNii da J-STAGE kuma na maƙalu ne. Ka rubuta kalmomin batunka da Ingilishi, sunaye za su fito.

Kada ka manta da masu nazarin Afirka, domin sau da yawa su ne suka fi saurin fahimtar ɗan Afirka mai son yin kwatance. Jami'ar Kyoto tana da cibiyar nazarin Afirka tun 1986, kuma a can ne Farfesa Oyama Shuichi ya shafe shekaru yana aiki da manoma Hausawa a Nijar. Jami'ar Nazarin Ƙasashen Waje ta Tokyo tana da cibiyar harsuna da al'adun Asiya da Afirka, inda Matsushita Shuji ya yi aiki a kan Hausa. Wato su sun daɗe suna karanta mu da harshenmu. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu ma mu samu masu karanta su da nasu. Ka kuma tuna da Oussouby Sacko, ɗan Mali, wanda ya yi digirinsa na uku a Kyoto har ya shugabanci Jami'ar Kyoto Seika daga 2018 zuwa 2022.

Wasiƙar da za ka aika ta zama gajera. Ka faɗi ko kai wane ne a layi biyu, ka ambaci wata maƙala tasa da ka karanta da gaske da abin da ka ɗauka a ciki, ka faɗi tambayarka, ka ce kana neman tallafin MEXT, ka haɗa tsarin bincikenka. Kada ka aika wasiƙa iri ɗaya ga mutum ashirin, sun saba ganin irinta. Ni na rubuta fiye da goma, biyu suka amsa, ɗaya daga cikinsu ya ce ya kusa ritaya amma ya tura ni wurin wani tsohon ɗalibinsa, wanda shi ne ya zama malamina. Shirun da za ka ji ba wulaƙanci ba ne. Wasu ba sa amsawa sai ka tsallake matakin ofishin jakadanci, wasu jami'o'in kuma sun fi son a bi ta ofishinsu na ɗaliban waje, don haka ka duba shafin kowace jami'a kafin ka rubuta.

Harshe

A nan ba zan ɓoye maka komai ba. Za ka iya shiga ba tare da Japananci ba, amma ba za ka zama masanin Japan ba tare da shi ba. MEXT takan ba da wata shida na koyon harshe a farkon zuwa, wanda zai ishe ka cefane da hawa jirgin ƙasa da gaisawa da maƙwabta. Karanta jarida kuwa yana buƙatar kanji 2,136 da aka ƙayyade don amfanin yau da kullum. Jarrabawar ƙwarewa a harshen Japananci, JLPT, tana da mataki biyar, daga N5 na mafari zuwa N1, kuma mai son hira da mutane da karanta maƙalu sai ya kai N2 aƙalla. Ga wanda ke zaune a ƙasar yana karatu kullum, aikin shekara biyu ne zuwa uku. Wanda ya haddace Alƙur'ani a allo ya san irin wannan aiki na maimaici da rubutu da hannu, kuma na ga yadda wannan horo ya taimaki wasu ɗalibanmu wajen kanji.

Saboda wannan ne nake ba da shawarar da ba kowa ke son ji ba: in malaminka ya ce ka sake digiri na biyu a can kafin na uku, kada ka ɗauka raini ne. Da farko za ka shiga a matsayin ɗalibin bincike marar digiri, kenkyusei, na shekara ɗaya da rabi ko biyu, ka ci jarrabawar shiga, sannan a tsawaita maka tallafin. Waɗannan shekarun su ne na harshe. Wanda ya yi gaggawa ya tsallake su yakan ƙare da kundin da aka gina a kan littattafan Ingilishi kawai, abin da zai iya rubutawa yana zaune a Zariya.

Ƙofofin da ke gaba

In MEXT ba ta yiwu ba, ko kuma iyali suka hana ka doguwar tafiya, akwai wata hanya mai kyau: ka yi rajistar digiri na uku a gida a kan batun da ya shafi Japan, sannan ka nemi tallafin zaman bincike na Japan Foundation. Wannan shi ne wanda na ce injiniya ba ya taɓawa, domin na fannonin al'adu da zamantakewa ne kaɗai, kuma suna karɓar bincike na kwatance. Ɗalibin digiri na uku da ya gama komai sai rubuta kundi yana iya samun wata 4 zuwa 12. Malamai masu digiri na uku suna da dogon zama irin wannan, ko gajere na mako uku zuwa ƙasa da wata uku. Ba sa ɗaukar ɗaliban digiri na farko ko na biyu, ko wanda zai je koyon harshe kawai. Akan rufe karɓar takardu wajen farkon Disamba, kuma nan ma sai ka nuna wanda zai karɓe ka a can. Gidauniyar tana da cibiyar koyar da harshe a Kansai, kusa da filin jirgin saman Osaka, mai kwas na musamman domin masu bincike da ma'aikatan ɗakunan karatu da gidajen tarihi, amma sai wanda ya riga ya ɗan yi nisa a harshen.

Bayan digiri na uku sai JSPS, hukumar bunƙasa bincike ta Japan. Sunanta yakan sa a zaci ta 'yan kimiyya ce zalla, alhali tana ɗaukar kowane fanni. Tana ba da zama na wata 12 zuwa 24 ga wanda bai wuce shekara shida da gama digiri ba, da alawus na yen 362,000 a wata, kuma malamin da zai karɓe ka ne ke shigar da takardar, ba kai ba. Ta kuma kafa shirin RONPAKU na masu bincike daga Asiya da Afirka, inda mutum ke riƙe da aikinsa a gida yana kai ziyara lokaci-lokaci har ya miƙa kundi a wata jami'ar Japan. Ga manyan malamai kuma akwai Nichibunken, cibiyar nazarin al'adun Japan da aka kafa a Kyoto a 1987, wadda ke gayyatar masana Japan daga ko'ina.

Za ka ci karo da wasu sunaye a intanet da za su ja hankalinka. Ka fara duba layin da ya faɗi 'yan wace ƙasa ake ɗauka kafin ka karanta sauran. Tallafin Daiwa na 'yan Birtaniya ne, Blakemore na Amurkawa da mazauna Amurka, na gidauniyar Sumitomo a kan nazarin Japan kuwa na 'yan ƙasashen Asiya. Duk wanda kuma ya ce ka biya shi ya samo maka gurbin MEXT, ɗan damfara ne, domin fom ɗin kyauta ne.

Iyali da aljihu

Alawus ɗin na mutum ɗaya ne, babu ƙari don mata ko ɗa, kuma tikitinsu a kanka yake. Kai kaɗai za ka fara tafiya, in ka samu masauki sai ka nema musu izinin zama. A Tokyo yen 145,000 ga mutum uku akwai matsi sosai, amma a garuruwa irin su Sendai, Hiroshima ko Okayama haya ta fi sauƙi, kuma na san iyalai da suka rayu lafiya lau. Inshorar lafiya ta ƙasa tana ɗauke kashi 70 cikin ɗari na kuɗin asibiti, ɗalibi kuma yana iya neman izinin yin aiki har awa 28 a mako, ko da yake kowace awa da ka sayar daga harshe ka cire ta. Ka riƙe ɗan guzuri na watan farko, domin alawus ba ya fita ranar da ka sauka, kama gida a wajen masaukin jami'a kuma yana zuwa da kuɗin ajiya da na godiya ga mai gida. Naman halal ana samu a manyan garuruwa da ta hanyar oda, jami'o'i da dama suna da ɗakin salla. Ka zauna da iyalinka ku yi wannan lissafi tare tun yanzu, ka kuma fara maganar hutun karatu da sashenku da wuri.

Abin da na faɗa maka daga kujerar mai nema na san shi da ta mai shirya ɗalibai, ban taɓa zama cikin kwamitin da ke zaɓe ba, kuma fannina zamantakewa ne, don haka mai son adabi zalla ya nemi ƙarin shawara daga masu shi. Adadin kuɗi da ranakun rufewa sukan ɗan motsa daga shekara zuwa shekara, takardar ƙa'idojin shekarar da za ka nema ita ce alƙali. Guraben da ake ba kowace ƙasa ta hanyar ofishin jakadanci kaɗan ne, masu nema kuma da yawa, saboda haka faɗuwa a karon farko ba ta nufin tsarinka ba shi da kyau.

Da ni ne kai, a wannan watan zan haddace hiragana da katakana, in sauke ƙa'idojin bara daga shafin ofishin jakadanci in karanta su layi-layi. Wata uku masu zuwa in karanta maƙalu goma a kan batu ɗaya, in fitar da sunayen malamai biyar. In nemi takardun sakamakon digirina na farko da na biyu daga jami'a tun yanzu, domin ka san yadda fitar da su ke cin lokaci a wurinmu, da wasiƙar shaida daga wanda ya duba kundinka na digiri na biyu. In kuwa batun Kaduna ne ya kwanta maka, ka je ka samu tsofaffin ma'aikata biyu ko uku ka yi hira da su kafin Afrilu, ka sa abin da suka gaya maka a sakin layi na farko na tsarin. In ka rubuta shafi biyun, ka turo mini in duba maka.